Jakar Bakin Ƙofa

Wata goma sha tara jakar nan na bakin ƙofa,
shuɗiya, zif ɗinta ya gaji da mu:
tawul, cajar waya, safa, carbi,
da littafin da nake rubuta zafin jikinka.
Da ma'auni ya ce talatin da takwas,
ko ukun dare ne, sai asibiti.
Leeds na barci, mu muna tsaye a danja,
ba kowa a titi sai mu da dila mai tonon shara.

Ran wata Laraba ka buga ƙararrawa, Safwanu,
sau uku, nas-nas na tafi.
Likita ta ce sankarar jinin ta kwanta, ku je gida.
Ba wanda ya koya mini yadda ake komawa gida.

Gashinka ya dawo, amma ba shi ne ya tafi ba.
Wancan mai tauri ne irin na babanka,
wannan laushi, kamar na ɗan kwana bakwai,
har na so in kira wanzami a sake yanka rago.
Wandon makaranta ya ɗage daga idon sawu,
ƙugun kuwa sai da na rage.
Ashe kana kwance kana tsawo ban sani ba.

Ranar farko a aji, ka ce, lallaɓa ka ake
kamar ƙwai a cokali.
Malamin lissafi bai nemi aikin gida ba.
Callum, mai tsokanar kunnuwanka tun firamare,
shi ya riƙe maka ƙofa.
Ka dawo ka zube a kujera:
"Umma, na ƙosa wani ya zage ni."

Ba ka zancen Maisie.
Gadonta na jikin taga, naka na jikin famfo,
kuna raba ƙanƙarar lemo in baki ya yi gyambo.
Ita ba ta buga ƙararrawa ba.
Hular ulun da ta ba ka na ƙarƙashin matashi.
Na gani ina canza zanin gado,
na mayar yadda na same ta.

Rumasa'u, da ta koyi dafa taliya tana shekara tara
don ba kowa a gida,
ita ta fara daina raga maka:
ta ƙwace rimot, ta ce ai ka warke.

Ni ce na kasa.
Atishawa ɗaya, hannuna na kan goshinka.
Jini ya kwanta a ƙwauri, na nemi makullin mota,
ka ce, "Ƙwallo ce, Umma, Callum ya tokare ni."
Wanda maciji ya sara
ko baƙin tsumma ya gani gudu yake.

Sai ran Asabar, ana ruwan nan na garin nan
da bai iya zuba ba, bai iya ɗaukewa ba,
ka shigo daga filin Potternewton
taɓo har wuya,
ka bi ta kan kafet ɗin da na wanke da safe
ka buɗe firji da hannun nan.
Ban san sanda ta fita ba:
"Kai! Gidan ubanka ya zama gona ne?"

Shiru.
Ka juyo, madara na ɗiga daga haɓarka,
ka dube ni kamar baƙon da aka daɗe ana jira,
ka fashe da dariya.
Ni ma na gane muryar.
Shekara biyu ban ji ta ba.

Har yanzu akwai takarda a jikin firji:
gwajin jini, watan gobe, tara da kwata.
Bayan ita wata za ta zo.
Amma jiya ka zazzage jakar a kan gadona,
tawul, caja, carbi, littafi,
ka cusa takalman ƙwallo, ka saɓa, ka fita,
ko sallama ba ka ƙarasa ba.

Da dare na lallaɓa ɗakinka da sanɗa,
bayan hannuna na neman goshi.
Ba ka buɗe ido ba.
"Umma, ƙalau nake.
Ja mini ƙofar."